Layin da Likita Ya Ja

Talata, bayan la'asar

Likita ya ja mini layi da biro a ƙwaurina na hagu, ɗan sama da inda kumburin ya tsaya. Ya ce in kumburi ya ƙetare layin nan in dawo ko ranar Lahadi ce, sai mu zauna mu yi wata magana. Na san maganar. Ba zan rubuta ta ba.

Ƙusa ce fa kawai. A garejin ofis na taka ta, ta huda takalmi ta shiga ta gefen ƙaramin yatsa, ban ji ba sai da na ga jini a safa. Ciwon suga ya daɗe da kashe mini jin ƙafafu. Da ƙafar nan nake taka kuloci tun ina saurayi, da ita na ciyar da gida, ita ce dalilin da ofis ya ɗauko ni daga Yawuri ya ajiye ni a Gombe, garin da ba kogi sai kwaruruka. Direban da ba ƙafar hagu, ban san sunan aikinsa ba.

Sista Edna, mai wankin ciwo, ta kankare wurin har ya yi rami, sannan ta ɗauko wani abu fari kamar auduga amma ya fi ta kauri. Ta ce da ciyawar teku aka yi shi, an haɗa da azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta. Yana shan ruwan ciwon, ya narke ya zama kamar koko, ya zauna a ciki yana aiki. Na ce mata mu a gida ciyawar ruwa tsince ta muke yi daga raga mu yar. Ba ta yi dariya ba.

"Malam Aƙilu, ka saurare ni. Zai yi ruwa, zai yi wari. Ba lalacewa ba ce. Kada ka buɗe, kada ruwa ya taɓa. Talata da Juma'a ni zan buɗe. Ni kaɗai."

Na ce na ji. Ga ƙwayoyi, ga allura, ga sanduna biyu na dogarawa. Sandunan na tura su bayan ƙofa inda ba zan riƙa ganinsu ba.

Ban kira matata Bilkis ba. Me zan ce mata.

Laraba, da hantsi

Bai ƙetare ba.

Na tambayi limamin masallacinmu na unguwar Federal Low-Cost batun alwala. Ya ce in shafa a kan bandejin, Allah bai takura wa kowa ba. Na yi salla a kan kujera kamar tsoho.

Alhamis, da azahar

Ya fara wari. Wani ruwa rawaya-rawaya ya ɓullo ta gefen bandejin.

Ɗakina a bayan gidan Malam Timoti yake, tsohon malamin makaranta, mutumin Kaltungo. Shi da matarsa Mairamu, da muke kira Maman Olivia, sun riƙe ni tun da na zo garin nan kamar sun san ubana. Ita ce ke dafa mini acca da wake yanzu, tun da an hana ni shinkafa. Mutumin Yawuri ba shinkafa, ba kifi. Sai wake.

Da ta kawo abinci ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska.

"Malam Aƙilu, yaushe rabon da a wanke ƙafar nan?"

"Tun Talata."

"Yau Alhamis."

"Haka suka ce, Maman Olivia."

"Suka ce. Su da marasa lafiya suka yi musu yawa. Sun ɗaure ka sun manta. Ni na yi jinyar uwar mijina har ciwonta ya rufe, kullum gashi safe da yamma. Wa ya taɓa barin ciwo ya kwana da dattinsa?"

Ba ƙarya ta yi ba. Haka na ga ana yi tun ina yaro. Haka Inna ta yi wa ciwon ƙafar Baba, ruwan zafi da gishiri da tsumma, ba ta taɓa fashi ba. Ban gaya wa Maman Olivia yadda ta ƙare ba.

Alhamis, bayan magariba

Na bar ta ta buɗe.

Ba ta tilasta ni ba, in faɗi gaskiya. Ni na miƙa ƙafar cikin roba. Da na ga abin da ke ƙarƙashin bandejin, kauri, rawaya, yana yauƙi, sai maganar Sista Edna ta fice mini daga kai gaba ɗaya. Mugunya na gani. Maman Olivia ta kwashe shi tas, ta tsoma tsumma a ruwan zafi tana dannawa, tana tambaya ta ko da zafi. Na ce babu. Ta ƙara. Na ce babu.

Na ji daɗin ganin wurin fes. Na kwanta ina ganin mun yi abin kirki.

Juma'a, bayan an sauko

Bayan ƙafar duk ya yi bororo. Ruwan ya dafa fatar ban sani ba.

Sista Edna ta daɗe tana kallon wurin. Na fi son a ce ta zage ni.

"Wa ya gasa maka?"

"Ni na sa."

"Ban tambaye ka wa ya sa ba." Ta sa safar hannu. "Abin da kuka kwashe kuka zubar shi ne maganin. Shi ne ke faɗa da cutar. Kuma kai da ba ka jin zafi, ko a tukunya aka sa ƙafar nan za ka ce babu."

Kumburin ya taɓa layin. Likita ya zo, yaro ne da bai fi sa'an ƙanena na uku ba, amma idonsa na manya ne. Ya duba hoton ƙashi, ya ce cutar ba ta kai babban ƙashi ba tukuna. Ya ce zai ƙara ba mu dama guda. Bai ja sabon layi ba, ya bi kan tsohon ya ƙara masa kauri.

"Baba, wannan shi ne iyaka. Ba ni da wani a sama da shi."

A keke muna dawowa, Malam Timoti da ya raka ni ya dube ni da muka wuce unguwar Arawa. Sai ya ce, "Ka yi haƙuri, mutumin ruwa." Na ce ba laifin kowa. Da gaske nake, amma muryata ta fito da ɗaci.

Asabar, da safe

Yana kan layin. Bai ƙetare ba.

Abinci a bakin ƙofa na same shi a rufe. Ba ta shigo ba.

Lahadi, da yamma

Zufa tana cin layin. Na ɗauki biro zan bi kansa, sai na ga hannuna yana so ya ɗan haura sama. Kaɗan kawai. Faɗin ƙwayar gero. Na ajiye biron na kira Malam Timoti.

Ya zo da tabarau da jan biron da yake duba jarrabawa da shi tun da can. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Shekara da shekaru ban taɓa ƙara wa yaro maki ba, ba zan fara a kanka ba."

"Shi ya sa na kira ka, mutumin dutse."

"Ka tsaya cik. In ka motsa zan ba ka sifili."

Yanzu layin ja ne a kan shuɗi. Ya ce kullum da yamma zai zo ya bi.

Na ce ya gaya wa Maman Olivia waken jiya gishiri ya yi kaɗan, ta zo da kanta in yi mata ƙorafi. Ta zo. Idonta ya kumbura. Na yi ƙorafin gishiri, ta ce ai masu suga ba a cika musu gishiri, muka yi ta gardama a kan wake har ta zauna a kan kujera. Ba wanda ya ambaci ruwan zafi.

Litinin, da azahar

'Yan ofis sun zo dubiya. Na gode musu, sun yi zumunci. Amma kowa da ya zauna ya gama "ya jiki" sai ya ce, "Mu ga wurin." Haka ake yi, ni ma haka nake yi in na je duba wani. Kamar in ba ka ga ciwon da idonka ba dubiyarka ba ta cika ba. Kuma kowa da maganinsa. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce garin bagaruwa, Desmond na ɗakin ajiya ya ce ruwan batir ya warkar da wansa. Ruwan batir.

Na ce an hana buɗewa. Suka dubi juna. Na san abin da za su faɗa a mota: ƙafar Aƙilu ta ruɓe, yana ɓoyewa.

Sun ba wani sabon yaro motata, na ɗan lokaci, in ji su. Na tambaya ko yana duba ruwan lagireto da safe. Ba wanda ya sani.

Talata, bayan la'asar

An buɗe. Sista ta ce bai gyaru ba, bai ƙara ɓaci ba. Ta sake kankarewa, ta sa sabo. Ta nuna mini abin da ta cire a cikin faranti, ta ce in kalle shi da kyau don in daina tsoronsa. Na kalla. Har yanzu mugunya nake gani, amma na yarda da ita.

Ƙaramin yatsan ya yi duhu. Ba ta ce komai a kansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, da asuba

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, kwanon ɗakina ya yi yoyo daidai ƙarshen gado. Na farka na ji katifa a jiƙe wajen gwiwa. Da ƙafar ce ba zan ji ba. Na ja gadon da hannu ɗaya, na zura ƙafar cikin ledar burodi na ɗaure. Mutumin da ya girma a cikin kwalekwale, ga shi yana gudun ɗigon ruwa.

Bandejin a bushe. Bai ƙetare ba.

Laraba, bayan la'asar

Alhaji Mu'az ya zo. Shi ne babba a cikin mutanenmu na Kabi da ke garin nan, yana da shagon buhuna a unguwar Kumbiya-Kumbiya, kuma kawun Bilkis ne ta wajen uwa. Shi ya tarbe ni a tasha ranar da na fara zuwa Gombe, a gidansa na kwana. Ba zan manta ba.

Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, ya fito da wani ƙulli daga aljihu. Garin magani daga gida, da ɗan kwalban mai.

"Kwance mu gani, Aƙilu."

"Kawu, sun ce kada a buɗe sai a asibiti."

"Na ji. Ai ni ba kowa ba ne. Kwance."

"Ka gafarce ni, Kawu."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. "Ni na ga ƙafar ubanka. Ni na riƙe shi ranar da aka kai shi asibiti a Sakkwato. Warin nan na san shi. Kana so ka zauna a ɗakin mutane kana ruɓewa a ɗaure kamar daddawa?"

"Warin maganin ne."

"Magani ba ya wari irin wannan." Ya matso da kujera ya kai hannu.

Na janye ƙafar. A gaban dattijo, na janye ƙafata na sa hannu biyu na kare ta. Ban taɓa yi wa babba haka ba tun da aka haife ni.

Ya miƙe a hankali. Ya ajiye ƙullin a kan tebur. Ya ce, "To. Ka girma." Ko rakiya ban iya yi masa ba.

Ba mugunta ta kawo shi ba. Ya ɗauko keke tun daga Kumbiya-Kumbiya cikin taɓo saboda ni. Wannan ne ya fi ci mini rai, duk wanda zai kashe ƙafar nan sona yake yi.

Alhamis, da hantsi

Wayar Bilkis. Ban ɗauka ba.

Alhamis, da azahar

Ta sake kira. Wana ya kira. Ƙanwata ta kira. Kawu ya gama aikinsa.

Na tura saƙo: ina samun sauƙi. Ta amsa da kalma biyu: ƙarya ne.

Juma'a, bayan la'asar

Likita ya duba da kansa. Ya danna gefen ramin, ya danna ƙwaurin, ya auna zafin fatar da bayan hannu. Sugana ya sauko, ya yaba wa mai dafa mini abinci. Ya ce Talata zai san inda muka dosa, ko nan ko can. Daga yau zuwa Talata kada ko ƙuda ya leƙa.

Sista Edna ta ƙara filasta a kan ɗaurin, ta sa hannu da biro a kai kamar takardar banki.

"In na ga sa hannun nan ya karkace, ni da kai ne."

"Sista, ko kawun matata na kora saboda ke."

"Saura matar," in ji ta. Da wasa ta faɗa.

Asabar, da magariba

Bilkis ta zo.

Tun jiya da asuba take hanya, Kwantagora, Kaduna, Jos, Bauci, mota huɗu ko biyar. Na ji muryarta a tsakar gida tana gaisawa da Maman Olivia, na ɗauka zazzaɓi ne ke sa ni jin abubuwa. Ta shigo da jaka a hannu ɗaya, kwalin busasshen kifi a ɗaya. Ta rame. Ko ni ne na manta fuskarta. Rabona da gida tun babbar salla ta bara, kuma dalilin ba na wannan littafin ba ne.

Ba ta ce sannu ba. Ta ajiye kaya, ta tsaya a ƙarshen gado, ta ja numfashi ta hanci sau ɗaya. Na ga fuskarta ta koma ta ranar da aka dawo da Baba gida daga Sakkwato.

"Malam, haka za ka yi mini? Sai a bakin Kawu zan ji?"

"Ki zauna ki huta."

"Buɗe."

Na yi mata bayani duka. Ciyawar teku, azurfa, kokon da ke aiki a ciki, layin. Ta saurara har ƙarshe.

"Ciyawa," ta ce. "Ka bar garin da ciyawar ruwa take kyauta ka zo nan ana ɗaura maka ita."

"Zuwa Talata kawai."

"Inna ma Talata aka ce mata."

Ba haka aka yi ba, amma ban gyara mata ba. Ta yi miyar kifi. Na ci har na ji kunya.

Lahadi, da safe

Bai ƙetare ba. Kamar ma ya ɗan ja baya, amma ba zan yarda da idona ba.

Bilkis ba ta yi barci sosai ba. Ta share ɗakin, ta wanke duk abin da ke wankuwa, ta goge takalmana duka biyu. Abu ɗaya ne a ɗakin ba ta wanke ba, kuma shi take kallo. Ta ga sandunan a bayan ƙofa, ta juya su ta rufe da zani.

Na gane abin da ke damunta. Matar da ta zo jinya ta zauna hannu biyu ba ta wanke ciwon mijinta ba, me za ta ce wa mutanen gida ta yi a Gombe?

Lahadi, da yamma

Malam Timoti ya zo da jan bironsa. Bilkis ta tsaya tana kallo yana bin layin.

"Baba, me wannan zai hana?"

"Ba ya hana komai, 'yata. Yana hana mijinki ƙarya ne kawai."

Ta kusa dariya. Kusa.

Litinin, da hantsi

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Bayan sallar asuba na koma barci, ƙwayoyin nan suna kashe jiki. Abin da ya tashe ni muryar Maman Olivia ce, a hankali, tana cewa, "Amarya, ajiye."

Na buɗe ido. Bilkis tana durƙushe a ƙarshen gado. Roba a gabanta, tururi yana tashi, ƙullin Kawu a buɗe a gefe, almakashi a hannunta. Ƙafata tana kan cinyarta, ban ji lokacin da ta ɗauke ta ba. Bakin almakashin ya riga ya shiga ƙarƙashin filastar, dab da sa hannun Sista.

Na yunƙura zan tashi.

"Mama, mijina ne," in ji Bilkis, ba ta ɗago ba.

"Na sani. Butata kika ara, shi ya sa na biyo ki." Maman Olivia ta shigo, ta tsuguna kusa da ita. "Sa yatsanki a ruwan nan."

Bilkis ta taɓa, ta janye da sauri.

"Ke kin janye. Shi ba zai janye ba. Zai ce miki babu zafi, ki ƙara, ya ce babu zafi. Ni na yi masa, da hannun nan. Washegari fatar ta tashi kamar ta kazar da za a fige. Ban ci abinci ba har Lahadi."

"To in zauna ina kallo yana ruɓewa?"

"Ki zauna. Shi ne aikin. Ya fi gashi wuya, na gwada duka biyun."

Na dogara da gwiwar hannu. Na ce, "Bilkis, dubi layin." Ta duba. Tsakanin jan biro da inda kumburin ya tsaya akwai fili, fatar wurin ta yi tamoji kamar ta tsoho. Faɗin yatsa guda. Ita ma ta gani.

"In kika buɗe, ba ni da abin da zan ce wa likita gobe. In kika bari kuma abin ya ɓaci, ki gaya wa duk Yawuri ni na hana ki. Zan tsaya a kai."

"Da wace ƙafar za ka tsaya?" ta ce. Sannan ta zare almakashin, ta rufe fuska da mayafi.

Maman Olivia ta ɗauki robar ta fita da ita. Na ji ta zuba ruwan a gindin kwatami. Ta dawo ta ja Bilkis zuwa ɗakin girki, wai ta zo ta koya mata yadda ake miyar shekaranjiya, don kifin madatsar ruwan Dadin Kowa da take saya bai taɓa yin wannan ƙamshin ba. Ƙarya take yi, kifin Dadin Kowa ba laifi, na daɗe da sani, ban dai taɓa faɗa ba.

Filastar ta ɗan tsage a gefe. Sa hannun bai karkace ba.

Litinin, bayan la'asar

Na kira Kawu. Bai ɗauka ba. Na tura saƙon gaisuwa da ban haƙuri. Haƙƙinsa ne ya yi fushi. Haƙƙina ne in riƙe ƙafata.

Talata, da asuba

Bai ƙetare ba.

Ko me likita zai ce, na yi abin da aka ce in yi. Wannan karon na yi.

Talata, bayan azahar

Mu huɗu muka cika keke, ƙafata a kan cinyoyin mutane cikin ledar burodi. Mai keken ya ce ko suna za mu je.

Sista Edna ta ga tsagar filastar, ta dube ni, ta dubi Bilkis, ta dubi Maman Olivia.

"Wace ce a cikinku?"

"Ba ta shiga ba, Sista," in ji Maman Olivia. "A bakin ƙofa ta tsaya."

Sista ta ce Bilkis ta zo ta tsaya kusa, tunda ta yi doguwar tafiya don ta gani. Ta yanke bandejin, ta ɗaga. Kokon nan rawaya ya fito, Bilkis ta kama hannuna ta matse. Sista ta zuba ruwan gishirin asibiti ta wanke a hankali.

Ja ne a ƙasa. Irin jan da ake gani in an ɗaga kumatun kifin da aka fito da shi daga ruwa yanzu-yanzu. Ramin ya cike daga gefe, yana da ƙananan tsiro kamar ƙwan kifi, da ta goga auduga sai ya yi ɗan jini.

"Jini," in ji Bilkis.

"Shi muke nema," in ji Sista. "Mataccen nama ba ya jini."

Likita ya zo ya daɗe a kai. Ya ce ƙaramin yatsan ba zai dawo ba, za su cire shi ranar Alhamis, aikin ɗan lokaci ne. Ya ce sauran tafiyar da nisa, wata biyu ko fi, ɗauri bayan ɗauri, kuma ba ni ba takalmi mai tauri har abada. Sannan ya jiƙa auduga da sifirit ya goge layin. Shuɗin da jan duka. Sai da ya dirza, don Malam Timoti ba ya rubutu da wasa.

Na tambaye shi kuloci. Ya ce in na yi haƙuri. Kuloci ba ya ƙirga yatsu.

Ba za a yanke ƙafar ba.

Yanke. Ga ta nan na rubuta. Kalma ce ƙarama, ban san ta yi ƙanƙanta haka ba.

Talata, bayan magariba

Kawu ya kira Bilkis, ba ni ba. Na ji tana gaya masa da idonta ta gani. Ya ce a gaishe ni. Ya isa haka a yau.

Yatsan yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Tare muka zo garin nan.

Malam Timoti ya shigo kamar kullum, tabarau a hanci, jan biro a hannu. Har ya fara durƙusawa sannan ya tuna. Ya tsaya a rabin hanya, gwiwoyi suna ƙara, yana kallon ƙwaurin da ba komai a kai.

"To ni yanzu me zan duba?"

Bilkis ta miƙa masa kwanon miyar kifi. Ya sa biron a aljihu ya karɓa da hannu biyu.